Farautar Akwati: A Ɓoye Kaya, Kada a Ɓoye Niyya

 

Ina miƙa gaisuwa ga mutanen Kausani, manya da yara. Ina gaishe da na Utai da Indabo da Lajawa da Darki. Na cikin garin Wudil, da masu jin mu a bakin gada, sannunku da kasuwa. Iyayenmu mata da ke tsakar gida, rediyo a gefe, hannu a cikin aiki, Allah ya saka muku da alheri.

Sharhinmu na yau a kan wani wasa ne. Na san tuni wani dattijo ya gyara zama yana cewa, wasa kuma? Ana fama da kuɗin taki, za a kawo mana zancen wasa? Baba, a yi mini haƙuri, a ba ni aron kunne. Wasan nan masu furfura ma suna yin sa. Kuma idan aka buɗe cikinsa, maganar amana ce, da maganar tsintuwa, da maganar tsaro. Duk ukun kuwa sun shafe mu.

To, bari mu fara da yadda ake yin sa.

Masu shi suna ce masa geocaching. Ni a wannan fili zan riƙa ce masa farautar akwati. Mutum zai nemi ɗan mazubi mai murfi, irin wanda ruwa ba ya ratsawa. Ya sa ƙaramin littafi da fensir a ciki. Ya ƙara da 'yan tarkace marasa tsada, kamar tsohon kwabo, ko mariƙin makulli, ko ɗan abin wasan yara. Sai ya kai wani wuri ya ɓoye. Wani a kogon itace, wani a ƙarƙashin dutse, wani a bayan allon kan hanya. Daga nan ya duba wayarsa, ya ɗauki lambobin da ke nuna daidai inda yake tsaye a doron ƙasa. Ya sa lambobin a intanet da ɗan bayani, wani lokaci har da kacici-kacici. Ya koma gida abinsa.

Can kuma sai wani ya gani. Bai san mai akwatin ba, bai taɓa jin sunansa ba. Ya ɗauki waya ya bi lambobin. Waya za ta kai shi kusa, amma ba za ta ɗora masa hannu a kai ba. Sauran 'yan takun ƙarshe aikin ido ne da basira. Ya duba nan, ya leƙa can. Wani cikin ƙiftawa da bismilla ya gani. Wani ya wuni yana zagaye bishiya ɗaya, ya koma gida hannu rabbana. In Allah ya sa ya dace, sai ya buɗe, ya rubuta sunansa da kwanan wata a littafin. In ya ga abin da ya ba shi sha'awa ya ɗauka, ya ajiye wani a madadinsa. Ya rufe, ya mayar daidai inda ya samu, saboda mai zuwa a bayansa.

Iyakar wasan ke nan. Babu kofi, babu kuɗi, babu alƙalin wasa. Ba wanda ke tsaye a kanka yana kallon abin da ka ɗauka. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yanzu kuma, daga ina abin ya samo asali?

Wannan abu da ke cikin wayoyinmu mai nuna wuri, wanda ake kira GPS, sojojin Amurka ne suka ƙirƙiro shi don aikinsu. Taurarin ɗan'adam ne ke shawagi can sama, nisan kilomita wajen dubu 20. Kowanne yana aiko da saƙon lokaci da na inda yake. Idan wayarka ta ji daga guda huɗu, sai ta yi lissafi ta gane inda kake tsaye. Da can, gwamnatin Amurka da gangan take dagula saƙon da farar hula ke samu. Na'ura za ta ce ga ka nan, alhali ta kauce da mita ɗari. A farkon watan Mayu na shekarar 2000, Shugaba Bill Clinton ya ba da umarni a daina wannan dagulawa. Dare ɗaya, kuskuren ya ragu ya dawo 'yan mitoci.

Ranar 3 ga Mayu, wani masanin kwamfuta mai suna Dave Ulmer ya ce bari ya gwada ya gani. Ya ɗauki baƙin bokitin roba. Ya zuba littattafai, da kaset na bidiyo, da 'yan kuɗi, da danƙon harbin tsuntsu, da gwangwanin wake. Ya kai wani daji kusa da Beavercreek a jihar Oregon ya ajiye. Ya sanar da lambobin wurin a intanet. Sharaɗinsa mai sauƙi ne: wanda ya samu ya ɗauki wani abu, ya bar wani abu, ya sa hannu a littafi. Ba a yi kwanaki ba wani mai suna Mike Teague ya gano bokitin. A watan Satumba na wannan shekara, Jeremy Irish ya buɗe shafin da ke tattara irin waɗannan akwatuna. A lokacin guda 75 ne kacal aka sani a duk duniya. Yau sun haura miliyan 3, a ƙasashe sama da 190. Har a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa an taɓa ajiye ɗaya.

Amma fa kada a ce waya ce ta haifi wannan ɗabi'a. Tun a 1854, a wata fadama mai wuyar shiga a yankin Dartmoor na Ingila, wani mai yi wa baƙi jagora, James Perrott, ya ajiye kwalba. Duk wanda ya iya kaiwa wurin sai ya jefa katinsa a ciki, shaidar ya zo. Mu ma nan, wane ne a cikinmu bai yi wasan ɓuya a dandali ba da farin wata? Son ɓoyo da son nemowa a jinin ɗan'adam yake.

To, masu sauraro, mu juya ga ladubban wasan, don nan ne maganar ta fi daɗi.

Na ce muku babu alƙali. To me ya riƙe wasan nan shekara sama da 20 bai wargaje ba? Amana ce. Mai ɓoyewa ya amince wa mutumin da bai sani ba. Mai nema ya riƙe amanar mutumin da ba zai taɓa haɗuwa da shi ba.

Babbar ƙa'idarsu ita ce, in ka ɗauka ka ajiye daidai da shi ko abin da ya fi shi. Kada ka ɗauki agogo ka ajiye murfin kwalba. Kuma saɓa wannan ƙa'ida abu ne da 'yan wasan ke kuka da shi a tsakaninsu. Akwati zai fara da kaya masu kyau. Bayan shekara ka buɗe ka tarar da tsohon tikitin mota da karyayyen biro. Ba mutum ɗaya ne ya kwashe ba. Kowa ya rage kaɗan, kowa ya ce ai nawa ba wani abu ba ne.

Abin ya yi kama da randar da iyayenmu ke girkewa a ƙofar gida saboda masu wucewa. Mai randar bai san wanda zai sha ba. Mai sha bai san wanda ya ɗebo ruwan ba. Amma kowa ya san ƙa'ida. Ka sha, ka ɗauraye moɗa, ka rufe randa. Ba a tafiya da moɗa. Ranar da wani ya sa moɗa a aljihu, ba mai gida kaɗai ya cuta ba. Ya cuci mai ƙishin da ke tafe a bayansa.

Akwai sauran ladubba. Ba a sa abinci a ciki, don ƙamshi zai jawo dabbobi su farfasa akwatin. Ba a sa wuƙa ko ashana ko magani, don yara ma suna buɗewa. Ba a haƙa rami a binne. Wannan ku ji shi da kyau, dokarsu ce a rubuce: ba haƙa, ba binnewa. Ba a jera akwatuna kusa da juna, sai an bar tazarar mita 161 tsakanin wannan da wancan. Idan ka samu, ba ka ɗaukar hoton maɓoyar ka watsa, ka ɓata wa na baya daɗin nema. Idan kuma ka nema ba ka samu ba, sai ka faɗi gaskiya ka rubuta cewa ban samu ba. Wasu suna jin kunyar wannan. Alhali da shi ne mai akwati ke gane cewa wataƙila kayansa ya ɓace, ya je ya duba.

Akwai kuma wani abu da ya fi burge ni. Wani lokaci za ka buɗe akwati ka ga ɗan ƙarfe mai lamba. Wannan ba na ɗauka a riƙe ba ne. Matafiyi ne. Mai shi ya sake shi ne don ya zaga duniya, daga akwati zuwa akwati. Wani zai rubuta cewa yana so nasa ya kai bakin teku, wani ya ce wata ƙasa mai nisa. Kai aikinka shi ne ka ɗauka, ka rubuta a shafin cewa yana hannunka, ka kai shi gaba. In ka jefa shi a durowa ka manta, ka ci amana. Ajiya ce aka ba ka, ko da mai ajiyar bai san fuskarka ba.

Sannan tun 2002 suka ɗora wa kansu wata al'ada. Duk wanda ya fita farautar akwati ya tafi da leda, ya tsince sharar da ya gani a hanya. Wannan kam ko ba wasa, da mun ara mun yafa. Wanda ya ga yadda leda ke kwana a filin kasuwa bayan an tashi ranar Juma'a ya san abin da nake nufi.

Kada ku zaci kansu a haɗe yake a kan komai. Suna da nasu gardandamin, kamar kowace ƙungiya. Tsofaffin hannu suna ƙorafin cewa yanzu an koma ɓoye 'yan mitsi-mitsin kwalabe, waɗanda ba su wuce kan yatsa ba. Babu wurin kyauta, takarda ce kawai a nannaɗe. Suna cewa ina daɗin kai yaro farauta ya dawo ba ko alewar ido? Masu ƙananan kuma su ce a tsakiyar birni ina za ka ɓoye bokiti? Akwai gardamar masu tara adadi. Wani burinsa a ce ya samo dubbai, ya zo a guje, ya sa hannu, ya wuce, ko kallon wurin bai yi ba. Wani kuma ya ce in ba za ka tsaya ka ga abin da aka kawo ka ka gani ba, me ya fito da kai? Akwai masu akwatin da ke jin haushi idan sun sha wahala sun shirya maɓoya, sai mai samu ya rubuta musu godiya da 'yan haruffa huɗu ya yi gaba. Ni a wannan ina bayan masu akwati. Wanda ya yi maka shimfiɗa, ai ya cancanci gaisuwa mai ɗan tsawo. Mu da muke tambayar mutum gida da iyali da gajiya kafin mu faɗi abin da ya kawo mu, wannan ba zai ba mu wuya ba.

To, jama'a, yanzu mun zo inda nake son zuwa tun farko. Ku matso kusa da rediyo.

A cikin ɗabi'un wannan wasa akwai guda ɗaya da ban yarda a shigo mana da ita yadda take ba. Ita ce ɓoye wa mutanen gari. A can, ɗan wasa yana ƙoƙari kada wanda ba ya cikin wasan ya gane abin da yake yi. Dalilinsu shi ne kada wani ya gani ya zo ya ɗauke akwatin. Don haka za ka ga mutum ya durƙusa kamar yana ɗaure takalmi, alhali hannunsa na laluben ƙarƙashin benci. Ko ya kara waya a kunne kamar yana magana, idonsa na kan kogon bishiya. Sai an watse ya zaro.

Yanzu ku ɗauko wannan hoto ku kawo shi Kausani. Ga baƙo da la'asar sakaliya. Ba wanda ya san shi, bai yi wa kowa sallama ba. Yana zagaye tsamiyar bayan gari, yana waige-waige. Ya jira har masu dawowa daga gona suka wuce. Ya tura hannu cikin kogo, ya cusa wani abu, ya hau babur ya tafi. Don Allah, Baba, kai da kake zaune a gindin dalbejiya kana kallo, me za ka ce?

Na san abin da za ka ce. Za ka ce sammu ne. Kuma ba wanda zai ga laifinka. A ƙasar nan, abin da ake cusawa a kogon tsamiya ko gindin kuka a ɓoye, mun san sunansa. Laya ce, ko ƙaho, ko 'yar tukunya. In kuma aka yi rashin sa'a wurin kusa da gonar wani ne da suke rikicin iyaka da maƙwabcinsa, to an kunna wutar da ba a san mai kashe ta ba. Wani bawan Allah da bai ji ba bai gani ba zai kwana da zargi a kansa. Saboda me? Saboda fensir da ɗan littafi.

Wannan kenan. Ga kuma wanda ya fi shi nauyi, wato tsaro. Mutanen jihar Kano ba su manta da hare-haren ranar 20 ga Janairun 2012 ba. Ba su manta da harin da aka kai a Babban Masallacin Juma'a na birni ranar 28 ga Nuwamban 2014 ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, Allah kada ya maimaita mana. Tun daga lokacin aka koya mana cewa in ka ga kayan da ba mai shi, ka matsa, ka sanar. Darasi ne da muka saya da tsada. Ba za mu zubar da shi don wasa ba.

Kada ku ce tsoron namu ne ya yi yawa. A Ingila ma, inda wasan ya zama ruwan dare, ya taɓa tayar da gari. A 2011, a wani gari da ake kira Wetherby, wata mata ta hango wani mutum yana cusa ɗan akwati a ɓoye a kan titin kasuwa. Ta kira 'yan sanda. Aka killace wurin, aka rufe shaguna na tsawon sa'o'i. Sojoji masu kwance bam suka zo suka tarwatsa akwatin. Ashe na wasa ne. 'Yan kasuwa suka yi asarar cinikin ranar. Matar nan ba ta yi laifi ba, abin da ya kamata ta yi ke nan. To in haka ta faru a can, ina ga nan, a ƙaramar hukumar Wudil da ke da babbar makarantar horar da 'yan sanda, ga babbar hanyar Maiduguri ta ratsa ta? Yaron da aka kama yana laɓe-laɓe a ƙarƙashin gadar Wudil da roba a hannu, kafin ya gama bayanin taurarin ɗan'adam ya sha wuya.

Akwai kuma mutumin kirki, wanda ba zai ce sammu ba, ba zai ce bam ba. Shi tsintuwa zai ce. Yaro mai kiwo ya tarar da akwati a bakin burtali, ya kai wa mahaifinsa. Mahaifin ya yi karatun zaure, ya san abin da malamai suka karantar a littafin Risala, cewa mai tsintuwa ya yi cigiya har shekara. Sai ya kai wa mai unguwa, a yi ta sanarwa a masallaci. Shi a wurinsa ya sauke nauyi. Su kuma 'yan wasa su ce an sace musu akwati. Kun ga amana biyu sun yi karo, don kawai ba a yi wa juna bayani ba.

Don haka ga maganata, kuma zan maimaita ta har ku gaji da ji. A ɓoye akwati, kada a ɓoye niyya. Mai nema ake ɓoye wa. Ba a ɓoye wa mai wuri. Ba a ɓoye wa mai gari.

Kuma wannan bai saɓa wa dokar wasan ba. A ƙa'idarsu, sai ka nemi izinin mai fili kafin ka ajiye. Suna da masu aikin sa kai da ke duba kowane sabon akwati kafin a fitar da shi a shafi. Suna ƙin amincewa da wanda aka sa kusa da makarantar yara, ko barikin soja, ko wurin da zai jawo zargi. Sai dai mai duban nan yana can nesa, taswira kawai yake gani. Taswira ba za ta gaya masa cewa wannan fili tsohuwar maƙabarta ce ba. Ba za ta gaya masa cewa wannan lungu bayan gidan matan aure ne ba. Dagaci ne ya san wannan. Mai unguwa ne ya san wannan.

To, yanzu bari in juya ga matasa, musamman ɗalibanmu na Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Wudil, wadda yanzu ake kira da sunan Aliko Dangote. Ku ne masu manyan wayoyi. Ku ne za ku fara cin karo da wasan nan a intanet, ku ce bari mu gwada. Ban ce kada ku yi ba. Amma ku shigo ta ƙofa.

Ku fara da zauren mai unguwa. Ku cire takalmi, ku gaishe shi, ku ce, ranka ya daɗe, ga abin da ke tafe da mu. Ku buɗe akwatin a gabansa ya ga abin da ke ciki. In ya ce sai an je wurin dagaci, ku je. Ku sanar da 'yan sintirin unguwa. In gonar wani ce, ku nemi mai ita, in ya ce a'a, magana ta ƙare. Ku yi amfani da roba garai-garai, wadda ake hango cikinta ba sai an buɗe ba. Kada ku naɗe ta da baƙar leda, kada ku ɗaure ta da waya ko zare. Ku rubuta a jikinta da Hausa, da boko da ajami, cewa wannan kayan wasa ne, mai unguwa ya san da shi. Sannan ku samo mata uban gida a kusa, ko mai shayi, ko mai faci, ko mai gadi. In ya ga baƙo yana dube-dube, shi zai ce wa jama'a ku kwantar da hankalinku, masu neman akwati ne. Kun ga an ɓoye akwati, ba a ɓoye niyya ba.

Ku kuma yi la'akari da ƙasarmu. Gwangwanin ƙarfe ba zai kwana biyu ba, 'yan jari-bola sun yi gaba da shi, kuma ba za a ce sun yi sata ba, a yashe suka gan shi. Ranar bazara tana gasa roba har ta tsage. Gara tana cin takarda. Abin da ka ajiye a bakin kogi da rani, damina na zuwa ruwa ya tafi da shi. Da damina kuma ba a ratsa gona a tattake yabanya don waya ta ce nan ne hanya mafi kusa. Waya ba ta san wahalar huɗa ba. Uwa uba, kada wanda ya tura hannu cikin rami ko kogo bai fara sa sanda ba. Kunama da kububuwa ba su san ana wasa ba. A tafi da rana, a tafi cikin ayari, a dawo kafin magariba. 'Yan mata kuma da sanin iyaye.

In kuwa kuna son shawarata ta gaskiya, akwai nau'in wasan da ya fi dacewa da mu. Shi babu akwati ko kaɗan. An fara shi a 2004, tare da wata ƙungiyar masana duwatsu da ƙasa ta Amurka. Lambobi za su kai ka wani wuri, ka tsaya ka duba, ka amsa tambaya a kan abin da idonka ya gani. Wane irin dutse ne wannan? Me ya sa yashin wannan gaɓa ya bambanta da na waccan? Ba abin da za a cusa, ba abin da za a zarga. Malamin makaranta ma zai iya shirya irin nasa da ɗalibansa, ba sai ya jira wani shafi ba.

Wani zai tambaya, to duk wannan wahala, ina ribarta? Tambaya ce mai kyau. Ni ribar da na gani ita ce sanin gida. Yaronmu na yau zai lissafa maka filayen ƙwallon Ingila da Sifen ɗaya bayan ɗaya. Amma ka tambaye shi Utai, nan kusa da shi, bai san cewa garin Malam Bakatsine ne ba, ɗaya daga cikin jagororin jihadi a ƙasar Kano, wanda zuriyarsa ta Joɓawa ke riƙe da sarautar Makaman Kano. Yana tsallaka gada kullum, bai san cewa ruwan da ke ƙarƙashinsa haɗuwar kogin Kano ne da na Challawa ba, ko cewa shi ne ke gangarawa har Haɗejiya. Ya je birni sau ba adadi, bai taɓa hawa Dala ba, bai leƙa marinar Ƙofar Mata ba. In wasa zai sa ya tashi daga kan benci, ya taka da ƙafarsa, ya je ya tsuguna gaban wani tsoho ya tambayi tarihin wata rijiya ko wata kuka, to ni ina maraba da wasan. Ga kuma ilimin karanta lambobin wuri, wanda gobe zai yi masa amfani wajen auna gona, ko kwatanta wa masu agaji inda mota ta lalace.

Amma duk wannan riba tana rataye ne a kan sharaɗin nan guda. Mutanen gari su sani. Ranar da aka yi shi a ɓoye, ranar ya tashi daga wasa ya koma fitina.

Iyayenmu dattawa, ku ma ga nawa roƙon. In yaran nan suka zo muku da sallama, da 'yar robarsu a hannu, kada ku kore su. Ku sa su buɗe ku gani. Ku nuna musu inda ya dace da inda bai dace ba. Ku ba su labarin wurin, don ku ne kuka san shi. In kuma kuka ga kayan da ba wanda ya yi muku bayaninsa, kada ku taɓa, kada ku bar yara su taɓa. Ku sanar da mai unguwa ko jami'an tsaro, ko da daga baya ya zama fensir ne da littafi.

Masu sauraro na Kausani da kewaye, nan za mu dakata a yau. Wanda ke da wani wuri mai tarihi a garinsu da yake ganin ya kamata yara su sani, ya aiko mana, za mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu.